Darasi na 9: Lasifika Shida a Ɗaki Ɗaya

In ka shiga shagon kayan lantarki a Jidda ko Makka, za ka ga an rubuta 5.1 a jikin kwalin kayan sauti. Karanta shi haka: biyar ɗigo ɗaya. Ba farashi ba ne. Biyar ɗin ƙananan lasifika ne guda biyar. Ɗayan kuma babban akwatin nan ne da ake kira wufa, mai fitar da rugugi irin na hadari ko na babbar ganga.

Talabijin ta zamani mai alamar HD hotonta tangaran ne, amma siririya ce kamar faranti, babu wurin da za a sa mata lasifikar kirki. Shi ya sa ake haɗa mata na waje. Tsarin da aka fi sani shi ne Dolby Digital. A gidajen sinima ya fara, a 1992, daga baya Amurka ta ɗauke shi don tashoshinta na HD.

Jera su shi ne aikin. Ka ɗauka kana zaune a tsakiyar agogon bango, talabijin tana kan ƙarfe 12. Lasifikar tsakiya ta zauna nan, a ƙasan allo ko samansa. Ita ce uwar tafiya, domin yawancin maganar mutane daga cikinta take fitowa. In ka cusa ta cikin kabad, kiɗa za ka ji, magana kuwa sai ka yi ta cewa "Me ya ce?" Na gaba biyu, ɗaya a ƙarfe 11, ɗaya a ƙarfe 1. Na baya biyu, wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8. Su ne ke kawo ihun 'yan kallo ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Al-Hilal ke wasa, ka ji kamar kana cikin fili.

Ga inda mutanenmu ke kuskure. A majalisa a ƙasa muke zama, kan kafet da matasai, amma sai a kafa lasifika can kusa da silin don kada yara su taɓa. Na gaba dai a sauko da su daidai kunnen wanda ke zaune. Wufa ba ta da zaɓen wuri sosai, sai dai kada ka manna ta da bangon maƙwabci. Rugugi yana ratsa gini, balle bayan Isha'i.

Wajen haɗi, nemi ramin HDMI da aka rubuta ARC a bayan talabijin, nan za ka sa wayar da ta fito daga na'urar da ake jona lasifikan a jikinta. Wayoyin lasifika kuwa, ja da ja, baƙi da baƙi. Sai ka ɗauki rimot ka shiga wurin saita sauti. In yana kan PCM, sau da yawa lasifika biyu kawai za su yi aiki. Mayar da shi Auto ko Bitstream.

Kuma ba kowane shiri ne ke zuwa da 5.1 ba. Labarai da tafsiri galibi sautin hagu da dama ne kawai. In na baya suka yi shiru a lokacin, kada ka kwashi kaya ka koma wa mai shago.

Aikin gida: zana ɗakinku a takarda. Rubuta 12 inda talabijin take, sannan ka sa 11, 1, 4 da 8 a inda lasifika za su zauna. Ka zo da shi aji mai zuwa.