Yadda Ake Shirya Tsohuwar Land Cruiser ko Hilux Domin Hanyar Rairayi da Laka

Mota mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobin Najeriya ke kira mai ogzileri, mutanen Nijar kuma ke ce wa kat-kat, ba ta cika shigowa hannun irinmu tana sabuwa ba. Yawanci sai ta gama aiki a wata ƙungiyar agaji ko ma'aikata, ko kuma a shigo da ita ta Kwatano bayan ta shekara ashirin a wata ƙasa, sannan ta iso ga mai son kai kaya kasuwar ƙauye ko ratsa rairayin Yusufari ko hawa tsaunin Mambila. Kuskuren da na fi gani ga sabon mai irin wannan mota shi ne ya fara da abin da ido ke gani, wato manyan tayoyi da ƙarfen gaba da fitilu a kan rufi, alhali giris ɗin da ke cikin ƙafafunta ya shekara goma ba a taɓa shi ba. Shawarata ita ce a kashe kuɗin farko a ƙarƙashin motar, a mayar da ita yadda kamfani ya ƙera ta, sannan a yi maganar ƙari.

Kafin a saya, ko kafin a fara gyara wadda ake da ita, a hau da ita kan ramin gareji, a shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Shasi ake fara dubawa, domin inji ana saukewa a sa wani, bodi ana yi masa walda da fenti, amma shasin da tsatsa ta cinye ko wanda ya taɓa karyewa aka haɗa shi da walda, ba ya ɗaukar lodi a gargada. A ƙwanƙwasa shi daga gaba har baya, musamman inda sifirin ke riƙe da kuma gefen da akwatin sitiyari ke ɗaure, a saurari ƙararsa. Motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko wadda ta daɗe a bakin teku, ita ce ta fi zuwa da wannan ciwo, kuma sau da yawa an shafe shi da baƙin fenti don kada a gani.

A kan inji, ra'ayina bai canza ba tun da na fara harkar: wanda bakanike na ƙauye zai iya buɗewa da sufana shi ne injin daji. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da samfurin 80 ta shekarun 1990 zuwa 1997, sukan zo da injin gas mai suna 1HZ, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda ba shi da turbo, kuma famfonsa na nozul ba ya jiran umarnin kwamfuta. Ba shi da gudu, kuma a kan tudu da lodi yana buƙatar haƙuri, amma yana jure wahala. Tsohuwar Hilux kan zo da 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0 na gas, ko 22R na fetur, ita kuwa Nissan Patrol samfurin Y60 tana da TD42. Bambanci ɗaya da ya kamata mai mota ya sani shi ne cewa 1HZ da 3L da 5L, saɓanin 22R da TD42, suna aiki da bel na tayimin, wanda idan ya tsinke inji na tafiya, fistin kan daki bawul, gyaran kuma ya koma na sauke kan inji. Duk motar da ba a san tarihinta ba, a canza mata wannan bel da boris ɗin da ke ɗaure shi tun ranar farko, a rubuta kilomita, sannan a sake canzawa kafin ta ƙara kilomita 100,000. Fitilar da ke cewa T-BELT a gaban direba lissafin kilomita kawai take yi, ba ta ganin bel ɗin, kuma ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba.

Zafi shi ne babban mai kashe injin gas a ƙasarmu, domin tafiya cikin rairayi da ƙaramar giya tana sa inji aiki tuƙuru alhali iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce. A sauke lagireto a wanke cikinsa, a canza duk tiyon da ya kumbura ko ya taurare, a canza murfinsa, a kuma gwada kulocin fanka: idan inji ya yi zafi aka kashe shi, sannan aka juya fankar da hannu ta yi ta juyawa babu wata turjiya, man da ke cikin kulocin ya ƙare. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zagayen ruwa tsakanin inji da lagireto, a jefar da sunan cewa na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da ita ba, domin injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana ƙara shan mai, yana saurin cinyewa, kuma cire shi ɓoye ainihin ciwon yake yi, wanda galibi toshewar lagireto ne. Haka kuma ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana tara gishiri da tsatsa a cikin inji, saboda haka a zuba ruwan sanyaya inji na kwalba, a ajiye ruwan rijiya don ranar larura.

Sai ƙura da gurɓataccen mai. A lokacin hunturu, ko a bayan ayarin motoci a hanyar burji, filtar iska kan cika cikin kwana biyu. A fitar da ita a hura mata iska daga ciki zuwa waje, ba da ƙarfi sosai ba, kada a buga ta da taya kamar yadda yaran mota ke yi, sannan a haska tocila a cikinta a wuri mai duhu. Ko huda ɗaya aka gani, ta tashi aiki. Bututun shan iska da ake ɗaga wa mota har saman gilashi, wanda mutane ke ɗauka na shiga ruwa ne kawai, babban amfaninsa a wajenmu shi ne ɗebo iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta gefen taya yawa ba, kuma yana cikin ƙari ƙalilan da nake ganin sun cancanci kuɗinsu, muddin an toshe mahaɗansa da kyau. Man gas na jarka da ake saya a bakin hanya kan zo da ruwa da datti, don haka a ƙara filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta asali, a riƙa buɗe ɗan famfon da ke ƙasan filtar ana zubar da ruwan da ya kwanta, a kuma koyi fitar da iska daga layin mai da ɗan famfon hannu da ke samanta. Juyen baƙin mai, mai lamba 15W-40, a yi shi duk kilomita 5,000 tare da filtarsa.

Ƙafar gaba ita ce wurin da ake yawan mantawa, kuma ita ce ta bambanta wannan mota da sauran. A tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu aksil guda a gaba, akwai ƙwallon ƙarfe a bayan kowace taya, a cikinsa kuma akwai gaɓar da ke juya tayar ko da an karya sitiyari, tana iyo a cikin baƙin giris. Tsakanin wannan giris da man difaranshal, wato tulun giyar da ke jikin aksil, akwai ɗan sil, kuma idan ya mutu sai su gauraya, a ga wani abu mai kauri kamar kunu yana tsiyaya a bayan taya. Wanda ya ga haka kada ya tsaya ƙara giris. A kwance ƙafar gaba ɗaya, a wanke ta, a canza sil da boris na sama da na ƙasa da na taya, a cika ta da baƙin giris irin na wannan gaɓa, ba jan giris na gama-gari ba. Aikin yini guda ne ga bakanike da ya saba, kuma sau da yawa yana kawar da rawar sitiyari.

Na koyi darasin ruwa ne a wata damina, bayan mun tsallaka wani rafi da bai wuce gwiwa ba a hanyar wata kasuwar ƙauye, muka ci gaba da harkokinmu har mako biyu, sai aksil na baya ya fara kuka. Da bakanike ya kwance notin ƙasa, abin da ya zubo cikin kwano kalar shayi mai madara ne, da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe manne a maganaɗisun notin. Dalilin kuwa shi ne, difaranshal mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙi ruwa ta ɗan hancin da yake numfashi da shi ko ta sil. Maganin ba shi da tsada: a cire wannan hanci, a sa siririn tiyo a ja shi sama har cikin bonet, a yi wa aksil na gaba da na baya da giyabos da akwatin ogzileri haka. Duk da haka, bayan kowace shiga ruwa mai zurfi a duba kalar man, a canza shi da mai lamba 80W-90 idan ya yi fari, a kuma buga giris a gaɓoɓin farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksil, har sai sabo ya turo tsohon waje. Idan kuma inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murza makulli, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Sai an gama waɗannan ne za a zo kan ɗaga mota da tayoyi. Sifirin da ya kwanta da shokozoba da ta mutu a canza su da masu ɗaukar nauyin da motar za ta riƙa ɗauka a zahiri. Ɗagawar inci biyu, wato kimanin santimita 5, ta isa; abin da ya wuce haka yana jan tiyon birki, yana karkatar da farfela, yana sa sitiyari yawo, yana kuma ƙara wa motar saurin kifewa a gangare. A tuna cewa ɗaga sifirin ba ya ɗaga difaranshal daga ƙasa, taya ce kaɗai ke yin haka, kuma babbar taya tana rage wa inji mai sanyin jiki irin 1HZ ƙarfin ja, tana ƙara wa birki da boris aiki. Lambar 7.50R16 da ta zo da yawancin waɗannan motoci, ko ƙanwarta 235/85R16, ana samun ta a kusan kowane gari, kuma mai faci na ƙauye ya san ta. Wilin da ke da zoben ƙarfe mai cirewa yana da sauƙin faci a daji, amma zoben kan yi tsalle ya raunata mutum idan bai zauna daidai ba, saboda haka a juya shi yana kallon ƙasa lokacin ba shi iska.

Iskar taya ta fi kowane ƙari amfani a rairayi. Tayar da ke tafiya da awo 35 zuwa 40 na PSI a kwalta, idan aka rage ta zuwa 18 ko 20, tafinta yana tsawo, motar ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. Amma da wannan iskar ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, kuma da an dawo ƙasa mai tauri a mayar da ita, abin da ke nufin famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska su zama kayan mota na dindindin, tare da shebur, da faffaɗan katako na ɗora jak, da faranti biyu na shimfiɗa wa taya, da igiyar ja mai ƙarfi. Igiyar a ɗaura ta a ƙugiyar da ke jikin shasi, kada a rataya ta a ƙwallon jan tirela, domin yakan tsinke ya tashi kamar harsashi.

Nauyi kuwa a yi masa rowa. Direbobin da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma dole ne su ɗauki mai da ruwa masu yawa, shi ya sa doguwar samfurin 70 mai tanki biyu na lita 90 kowanne ta samu karɓuwa a can, amma kowace jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, kuma idan aka jera su a kan rufi motar ta zama mai saurin faɗuwa. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, tsakanin ƙafar gaba da ta baya, a ɗaure su tamau. Kayan gyaran da ake tafiya da su ba su da yawa: fanbel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, filtar mai biyu, boris na taya, fiyus, man birki, da safaya biyu idan tafiyar ta yi nisa. Wajen sayensu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, na fi amincewa da na asali ko da na hannu ne a kan sabo mai arha da ba a san maƙerinsa ba, in ban da sil da bel da tiyo da filta, waɗanda dole su zama sababbi.

Yadda ake amfani da ogzilerin kansa ma yana cikin kula da mota. A motocin da ke da makullin hannu a cibiyar tayar gaba, sai an juya duka biyun zuwa LOCK kafin ƙaramin sandan giya na ogzileri ya yi amfani. H4, wato jan ƙafa huɗu a babbar giya, na burji ne da yashi mara zurfi, L4 kuma, mai ƙaramar giya, na laka da hawa da gangara, kuma sai an tsaya cak ake shiga da shi. Ba a tafiya da H4 ko L4 a busasshiyar kwalta a irin waɗannan motoci, domin ƙafar gaba da ta baya suna ɗaure da juna, babu inda za su saki bambancin juyawarsu a kwana, sai ƙarfin ya taru a farfela da akwatin ogzileri har sandan ya ƙi fita. Idan hakan ta faru, a ɗan ja da baya a miƙe, zai saki. Wanda kuma motarsa ta fi zama a gari, ya riƙa kulle cibiyoyin gaba sau ɗaya a wata ya yi tafiyar kimanin kilomita 16 da sandan a H2, wato jan ƙafar baya kawai, domin mai ya zagaya cikin aksil na gaba, sannan ya mayar da su FREE.