Babi na 6: Garkuwar Jiki, Ƙanjamau da Sankarar Kaluluwa

Darasi na ɗaya: Masu gadin jiki

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Su ne garkuwar jiki. Guda uku kawai za mu riƙe. Ta farko sunanta B, ita ke haɗa abin da ke kama cuta a cikin jini. Ta biyu CD8, aikinta kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shige. Ta uku CD4. Ita kamar shugaban 'yan sintirin unguwa ce: in ba ta busa usur ba, sauran ba sa tashi. To, ita wannan ta ukun ce ƙanjamau ke kamawa tana kashewa.

Akwai wata ƙwayar cuta, EBV, wadda yawancinmu mun ɗauka ta yawu tun muna yara. Tana ɓuya cikin ƙwayoyin B, shiru, saboda CD8 na tsaye a kanta. Idan CD4 ta ragu, gadi ya yi sanyi, sai wata ƙwayar B ta lalace ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta taru a kaluluwa. Wannan ita ce sankarar da likitoci ke kira limfoma. Ba kowace ce EBV ke kawowa ba, amma da yawa da hannunta a ciki.

Darasi na biyu: Lambobi biyu

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ku ɗauki takardar gwajin da aka raba muku. Ba ta kowa ba ce, misali ce.

Ɗora yatsa a kan layin farko. Harafin C, harafin D, sai lamba 4. Wannan yawan masu gadi ne. Ana so ya yi sama. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500. Ƙasa da 200, garkuwa ta karye sosai.

Sauko da yatsa. Harafin V da harafin L. Wannan yawan ƙwayar ƙanjamau ne a jini. Ana so ya yi ƙasa. Ƙasa da 1,000 magani ya danne ta. Ƙasa da 50, madalla.

Mu faɗa tare: CD4 sama, VL ƙasa. A sake. CD4 sama, VL ƙasa. Ɗaga hannun dama sama ka ce CD4. Sauke na hagu ƙasa ka ce VL. Yauwa, kuna ƙoƙari.

Ga tambaya. Takarda ta nuna CD4 650, VL 40. Labari mai daɗi ne? Ƙwarai kuwa. Wata ta nuna CD4 40, VL 65,000. Kar girman lamba ya ruɗe ku! Wasu da sun ga sifili da yawa sai murna, wai jini ya ƙaru. Duba harafin kafin ka duba lambar. Babbar lamba a gaban VL cuta ce ta yi yawa. Ƙaramar lamba a gaban CD4 masu gadi ne suka ƙare. In ka rikice ba abin kunya ba ne, mai da yatsa kan harafin: C ne ko V? CD4 sama, VL ƙasa. Rubuta shi sau biyar a littafinka.

Abin da ke ɗaga ɗaya ya sauke ɗaya shi ne maganin ƙanjamau. Yawanci yanzu ƙwaya ɗaya ce kullum, wadda ake kira TLD, kuma kyauta ake bayarwa.

Darasi na uku: Kaluluwa

Taɓa wuya, hammata da matsematsi. Kumburi marar zafi da ya wuce mako biyu yana girma, ga zazzaɓi, ga gumin dare har zani ya jiƙe, ga rama, asibiti za a nufa. Haba jama'a, har yaushe za a riƙa kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga? Tarin fuka ma yana kumbura kaluluwa haka, kuma sai an ɗebi ɗan naman an duba a na'ura ake bambance shi da limfoma. Akwai nau'in limfoma da Likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana girma cikin kwanaki, yana ma iya zuwa CD4 ba ta faɗi sosai ba. Mai jiran kaka ta yi ya sayar da hatsi kafin ya je, ya makara.

Darasi na huɗu: Lokacin kemo

Kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, yana rage fararen ƙwayoyi na ɗan lokaci. Kar a daina shan maganin ƙanjamau sai in likita ne ya ce. Wanda aka ba Septrin, maganin da ke kare mai raunin garkuwa daga wasu cututtuka, ya ci gaba da sha. In ma'aunin zafi ya nuna 38, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Darasi na biyar: Aikin gida

Kwafi waɗannan: CD4, VL, 200, 38. Cike gurbi: CD4 ______, VL ______.