Yadda za ka more gem ɗin faɗa ko netwok na wasa da kai

Masu gidajen gem na Samaru da Sabon Gari da Kongo, wallahi abin nan yana damuna, ka sayi kaset da kuɗinka amma rabin gem ɗin na kulle sai da intanet. Mortal Kombat 11 na 2019 ma, sassansa na Krypt da Towers of Time ba sa buɗuwa in ba ka hau onlayin ba. Masu gem ɗin MultiVersus kuwa rufe sabar ɗinsu ta wasan onlayin suka yi a 2025.

To kafin ka saya, bincika ko mutum biyu za su iya dambatawa a kujera ɗaya ba data. Tekken 8 da Street Fighter 6 duk suna yi, kuma shi ne abin da kwastoma ke biya.

In ta PlayStation Store ka sauke a PS5, shiga saitin ka kunna Console Sharing and Offline Play tun netwok na nan, in ba haka ba ranar da sabis ya ɗauke gem ɗin zai ƙi tashi, yara na zaune suna jiranka.

Kashe ofdet mai sauka da kansa, yana shanye data ba ka sani ba. Bari sai dare ka yi da sabskirifshan ɗin dare, inbata a kunne saboda NEPA.

Onlayin kuma sai da PlayStation Plus, wato sabskirifshan ɗin PlayStation da ake biya, sannan ka jona kebul daga rauta maimakon wayfai, don a gem ɗin faɗa ɗan jinkiri kaɗan ya isa a kwantar da kai. Kayan sawa da ake sayarwa a ciki kuwa ƙyale su, ba sa ƙara ƙarfin naushi, gara ka tara kuɗin ka sayi sabon ɗan faɗan da yaran ke tambaya.