Yadda ɗalibin injiniya zai kama hanyar ginin da ba ya cin wutar lantarki

Kusan duk ɗalibin da ya zo min da wannan buri, da maganar sola yake farawa: faranti nawa, batir nawa, wace inbata. Ni kuma tambayata ɗaya ce, ina tagogin gidan suke kallo?

Fara da zafi. Darasin yadda zafi ke ratsa bango da rufi, wanda kuke haddacewa don jarrabawa kawai, shi ne jarinka. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Ɗaki mai kwano, ba sili mai kauri, ga babbar taga tana kallon yamma, ko ka jera masa faranti goma kuɗin mai gida kawai kake ƙonawa. Rage zafin tukuna, sannan ka lissafa wutar da ta rage.

Inda na ga yara suna faɗuwa shi ne SIWES, wato horon da ake tura ɗalibai su yi a wurin aiki. Wata shidan nan kada ka kai su ofishin da za ka sa hannu ka koma gida. Nemi wurin da ake gini, ko da ba alawus. Sayi ɗan ma'aunin zafi, na kasuwa ma ya isa, ka auna ɗakin bulo da ɗakin tubali da ƙarfe uku na rana, ka sake da tara na dare, kullum, ka rubuta a littafi. Shiga zauren tsohon soro mai azara ka auna. Ka zauna da birkila da mai wayarin, ka ce "Baba, nuna min", don ba za su saurari wanda bai taɓa siminti ba. Ni nawa watannin a kan kujera na ɓatar da su, sai da na yi shekara biyu ina biyan bashin. Littafin nan kuwa ya isa ya zama aikinka na shekarar ƙarshe.

Manhajar lissafa wutar da gini zai ci kuwa, EnergyPlus kyauta ce, manhajar EDGE ta IFC, wani reshen Bankin Duniya, ma haka. Daga cikin sharuɗɗan EDGE akwai a rage wuta da ruwan da gini ke ci da aƙalla kashi 20 cikin 100. Kada ka biya kuɗin kwas tun yanzu. Duba kuma hotunan masallacin Dandaji a Nijar, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara da bulon ƙasa matsattse.

Bayan bautar ƙasa, liƙe wa injiniya mai rajista, ka tara shekarun aiki, ka nemi rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Jarrabawar ƙwararren EDGE ta jira albashi.