Kada ka janye sanda da wuri

Na shekara biyu ana cinye ni a teburin sinuka kafin wani dattijo ya kama gwiwar hannuna ya ce, "Yaro, caka kake yi, ba bugu ba."

Riƙe sandar sako-sako, kamar ƙwai. Kafaɗa kada ta motsa; daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kaɗai ke lilo. Shafa alli a kan sandar, ja ta baya a hankali, ɗan dakata, sannan tura. In kan sandar ya taɓa farar ƙwallo, bar shi ya zarce kamar inci 5. Kada ka ɗago kai sai ƙwallon ta tsaya. Nan ne har yau nake shan wuya, don zumuɗin ganin ko ƙwallon da na nufa ta faɗa rami.