Yadda za ka gane dirhamin Mongol da zamanin da aka buga shi

In aka turo maka hoton tsohon kuɗin azurfa aka ce wai na Mongol ne, wato Tatar ɗin nan da suka ci Bagadaza a 1258, to kar ka yi saurin cewa ƙarya ne don ka ga kalmar shahada ɓaro-ɓaro a tsakiya. Haka suke. Hulagu, jagoran Mongol ɗin da ya kashe halifa Musta'asim na Bagadaza, ai ba musulmi ba ne amma dirhaminsa da La'ilaha illallah ya fito, saboda ma'aikatan gidan buga kuɗin musulmi ne kuma ɗan kasuwar Tabriz a Iran ba zai karɓi kuɗin da bai saba gani ba. Kai har Jangis Khan, kakan Hulagu, akwai kuɗinsa da sunan halifa Nasir a jiki.

Saboda haka shahada kaɗai ba ta gaya maka komai, sunayen da suka kewaye ta za ka bi. In ka ga Larabci a haɗe da wani rubutu mai kama da haƙoran zarto, na Uigur kenan, wanda Mongol ke rubuta harshensu da shi, su Abaka da Argun, sarakunan da suka biyo bayan Hulagu, sun yi amfani da shi, sarki Gazan ma da ya musulunta a 1295 bai daina ba har ya ƙara da Fagspa, wani rubutun Mongol na daban. In kuma ka ga Aliyyun waliyyullah da imamai goma sha biyu a zagaye to Uljaitu magajin Gazan ne bayan ya koma Shi'a. Ɗansa Abu Sa'id, 1316 zuwa 1335, shi ya dawo da Abubakar, Umar, Usman da Ali, wani zubin nasa ma an zana shi kamar mihrabin masallaci, gaskiya ni a wajena ya fi sauran kyau nesa ba kusa ba.

Sai ka nemi inda aka rubuta duriba, wato "an buga" da Larabci, garin da aka buga ne ke biye, shekarar kuma ta Hijira ce galibi da kalmomi ba lamba ba. Nan ne ake shan wuya don gefen yakan cinye, ka ɗau hoto da hasken rana ka kai wa malamin zaure a cikin birni ko wani ɗan sashen Larabci na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

In abin na hannunka, kara masa mayen ƙarfe, azurfa ba ta kamawa. Kuma dan Allah kar a goge shi da toka ko omo, baƙin nan na jikinsa masu saye suna dubawa.