Yadda ake fara maganin istirojin idan al'ada ta ɗauke

Yawancin mata al'ada takan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Wasu sukan wuce lokacin lami lafiya. Wasu kuwa zafi ne zai riƙa taso musu daga ƙirji zuwa fuska ko da hunturu ne, su farka cikin dare zani sharkaf da gumi, ga bushewar gaba har kwanciyar aure ta zama azaba. Jiki ne ya rage samar da sinadarin istirojin, maganin kuma mayar masa da shi yake yi.

Kafin ki je asibiti, ki yi 'yan makonni kina rubuta abin da kike ji: yaushe kika ga jini na ƙarshe, sau nawa zafin ke zuwa a yini, yaya barci. Daga nan sai wurin likitan mata. Kemis ba wurin fara wannan ba ne. In kin haura 45, bayaninki kan wadatar ba sai an ɗebi jini ba, amma za a auna hawan jini a duba mama. Kada kunya ta sa ki ɓoye komai. Wadda ta taɓa yin kansar mama, ko daskarewar jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take da ciwon hanta, ko jini na zubar mata ba a san dalili ba, lissafinta daban ne.

Sai babbar tambaya: mahaifarki tana nan? In tana nan, ba a ba da istirojin shi kaɗai, domin yana kumbura shimfiɗar cikin mahaifa har ta iya komawa cutar kansa. Dole a haɗa da furojestaron, wani sinadari da ke kare shimfiɗar. Wadda aka cire wa mahaifa ce ke amfani da istirojin zalla. Shi ya sa karɓar ragowar maganin yayarki ganganci ne, wataƙila ita an yi mata aiki. Wani tsarin haɗin yakan dawo da jini duk wata, gara ki sani tun a ofishin likita, ki kuma tambayi malamai hukuncin sallarki.

Maganin kala-kala ne: ƙwaya, filasta, man shafawa. Na fata ya fi ƙwaya sauƙin haɗarin daskarewar jini. Filastar a ƙasan ƙugu ake manna ta, cinya ko ɗuwawu, a busasshiyar fata marar mai, ba a mama ba, galibi a sauya sau biyu a mako. A zafin Afrilu gumi kan ɓamɓare ta. In ta dame ki, ki nemi na shafawa. In bushewar gaba ce kawai matsalar, akwai na matsi, ya isa.

Tsoron da ake wa maganin ya samo asali ne daga wani babban bincike a Amurka da aka dakatar a 2002, amma matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne. Yanzu likitoci sun fi son a fara kafin shekara 60, ko cikin shekara goma da ɗaukewar al'ada. Haɗarin kansar mama ga mai amfani da haɗin istirojin da furojestaron yana nan, kaɗan ne, yana ƙaruwa da daɗewa.

Ki koma bayan wata uku, sannan duk shekara. Ɗigon jini a watannin farko ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya wuce wata shida a bincika. Maganin kuma ba ya hana ɗaukar ciki.

Testostiron, sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, shi ne na ƙarshe. Sai istirojin ya zauna, sha'awa ba ta dawo ba, likita kan ƙara shi, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba namiji, ana bibiya da gwajin jini. In ya yi yawa sai ƙuraje da gashin haɓa, murya ma ta yi kauri, ita kuwa murya ba lallai ta koma yadda take ba.